Maɓallin Hunturun Turai a Titunan Abuja: Tattali Ne Ko Ɓarna?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya shelanta wa jama'ar ƙasa cewa tallafin man fetur ya ƙare, har litar da aka saba saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce naira 1,000 a watan Oktoban 2024, da wuya a sami mai mota a birnin Abuja, ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan kasuwa ko direban haya, wanda bai zauna ya yi wa kansa hisabi a kan abin da motarsa ke sha ba. Wannan kuwa abin yabo ne, domin tattalin dukiya umarni ne na addini tun kafin ya zama larurar zamani, almubazzaranci kuma abin zargi ne ko da a lokacin yalwa. Sai dai ƙunci, idan ya yi tsanani, yakan buɗe ƙofa ga kowace irin shawara, ingantacciya da marar tushe, har mutum ya riƙa karɓar magana tun bai ga hujjarta ba, saboda kawai ta yi masa alkawarin abin da zuciyarsa ke bege.

Daga cikin irin waɗannan shawarwari da ke yawo a majalisu da garejoji da wuraren wankin mota, akwai wadda ta shafi wani ƙaramin maɓalli da ake samu kusa da libar giya a cikin motoci da yawa masu giyar otomatik, musamman waɗanda aka shigo da su daga Turai. A wasu an rubuta masa harafin W, a wasu an zana masa hoton ƙwayar dusar ƙanƙara, a wasu kuma an rubuta SNOW. Masu ba da shawarar suna cewa idan ka danna shi ka bar shi a kunne kullum, motar za ta yi laushi, ta daina fizga wajen tashi, injin ya daina ihu, allurar da ke nuna gudun injin ta zauna ƙasa, man kuma ya daɗe bai ƙare ba. Ba su yi ƙarya ba a kan laushin da natsuwar, domin abu ne da duk wanda ya gwada zai ji a jikinsa. Inda suka kuskure shi ne a ƙiyasin da suka gina a kai, watau zaton cewa duk motar da ta yi shiru ta huta, duk wadda ta huta kuma ta rage sha.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a sarari yake. Wannan maɓalli an yi shi ne domin wata larura takamaimai, watau tashi daga tsaye a kan ƙasa mai santsi, kuma wanda ya mayar da shi abin yau da kullum a kan busasshiyar kwaltar Abuja, cikin zafin bazara da cunkoson safe da yamma, abin da yake fatan ragewa a gidan mai yana tara shi ne a hannun bakanike, ya biya daga baya a dunƙule. Zan kawo dalilaina daki-daki, in kuma faɗi inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya, domin adalci ga abokin jayayya sharaɗi ne na kowace muhawara mai amfani.

Farko dai ya kamata mu san illar da ta sa aka ƙago shi. A ƙasashe irin su Suwidin da Jamus da Kanada da arewacin Amurka, idan hunturu ya kama, ruwa yakan daskare a kan titi ya zama ƙanƙara, dusa kuma ta rufe hanya, ta yadda tayar mota ba ta samun abin kamawa. Giyar farko ita ce mafi ƙarfi a cikin giyoyin mota, domin aikinta shi ne ta ɗaga nauyin ƙarfe da mutane da kaya daga tsaye, kuma idan aka sakar wa taya wannan ƙarfi gaba ɗaya a kan ƙanƙara, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, motar ta karkace, wani lokaci ta faɗa wa abin da ke gefenta. Direbobin manuwal na can sun daɗe da sanin maganin wannan, watau su tashi da giya ta biyu suna sakin kuloci a hankali. Da giyar otomatik ta yaɗu, kwamfuta kuma ta shiga sarrafa ta, sai masu ƙira suka sanya wa direba maɓallin da zai umarci motar ta yi haka da kanta. Manufarsa ke nan, ya raunana ƙarfin da ke isa ga taya da gangan, a wurin da ƙarfin yake zama fitina.

Kamfanoni kuwa ba su bi hanya ɗaya ba wajen cika wannan manufa, kuma sanin bambancinsu yana da muhimmanci ga mai mota. Mercedes-Benz, a giyarta mai hawa biyar da ta fito a tsakiyar shekarun 1990, ta sa maɓalli mai W da S, wanda idan aka mayar da shi W motar kan tashi da giya ta biyu, ta kuma riƙa saurin hawa giyoyin sama. Volvo, a irin su 850 da S70 da V70, ta fi tsanantawa, domin W ɗinta yana tayar da mota da giya ta uku. Haka Opel ta yi a Astra da Vectra da Zafira masu giya huɗu, inda alamar dusar ƙanƙara ke tayar da mota da ta uku. Peugeot 406, wadda aka yi shekaru ana haɗa ta a masana'antar Kaduna, mai otomatik ɗinta tana da irin wannan alama. Toyota kuma, a Land Cruiser da Prado, ta rubuta wa nata 2nd STRT, wasu motocin Lexus kuwa nasu yana dushe amsawar totur ne, ta yadda ko ka taka da ƙarfi motar za ta amsa a sanyaye. Duk da wannan saɓani, abin da ya haɗa su ɗaya ne, kowannensu an yi shi domin ɗan lokaci, a fita daga santsi a kashe shi.

To, ina Abuja da wannan yanayi? Tun da aka yanke shawarar kafa ta a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, har aka tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991, har zuwa yau, ruwa bai taɓa daskarewa a kan titinta ba. Hunturunmu iska ce busasshiya da ƙura da hazo, wadda ke fasa leɓe da dugadugai amma ta bar kwalta a bushe ƙarau. Bayansa kuma bazara ke shigowa, inda a watan Maris zafi kan haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40 a wajajen Gwagwalada da Abaji. Motocin da muke hawa, waɗanda aka loda a tashoshin jiragen ruwa na Beljiyam da Jamus da Amurka aka sauke a Legas ko Kwatano, sun zo mana da kayan yaƙi da sanyi, alhali babban abokin gabarsu a nan shi ne zafi, kuma wannan maɓalli, kamar yadda zan nuna, zafi yake ƙara musu.

Domin a fahimci haka sai an leƙa cikin giyar otomatik. A motar manuwal, kuloci ne ke haɗa inji da giya, faranti ya manne da faranti. A yawancin motocin otomatik kuwa babu wannan mannewa a lokacin tashi. Akwai wata tukunyar ƙarfe rufaffiya cike da man giya, wadda bakanikai ke kira kwanbata, a cikinta akwai ƙafafu biyu masu fukafukai suna fuskantar juna, ɗaya a haɗe da inji, ɗayar a haɗe da giya. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan fukafukan ta biyu, man ya tura ta, motar ta motsa. A tsakaninsu akwai wata ƙaramar ƙafa ta uku da ke juya akalar man domin ya ƙara turawa. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya ƙago asalin wannan hikima a 1905 domin jiragen ruwa, kafin masu ƙera motoci su ɗauke ta. Ita ce ke ba ka damar tsayawa a danja da ƙafa a kan birki ba tare da injin ya mutu ba, kuma lalle ni'ima ce ga wanda ya san wahalar taka kuloci a cikin gosulo.

Amma wannan ni'ima tana da farashi. Matuƙar ƙafar farko tana juyawa da sauri fiye da ta biyu, to akwai ƙarfin inji da ke zubewa a tsakani, shi kuwa ƙarfi ba ya ɓacewa, rikiɗewa yake yi ya zama zafi a cikin man. Wannan ne ya sa masu ƙira suka ƙara wani kuloci a cikin tukunyar, wanda ke kulle ƙafafun biyu su zama ɗaya idan mota ta ɗauki gudu, sai dai ba ya kamawa a lokacin tashi daga tsaye. Yanzu duba lissafin. A babbar giyar Mercedes mai hawa biyar, a giyar farko inji yana juyawa kusan sau 3.6 kafin sandar da ke fita daga giya ta juya sau ɗaya, a ta biyu kuwa kusan sau 2.2, watau wanda ya tashi da ta biyu ya yar da kusan kashi biyu cikin biyar na ƙarfin da giya za ta ba shi. Wanda ya tashi da ta uku, kamar mai Volvo ko Opel, abin da ya rage masa bai kai rabi ba. Nauyin motar kuwa bai ragu ba, tudun da ke gabanta bai kwanta ba. Giɓin da aka bari dole wani ya cike shi, mai cikewar kuwa shi ne man da ke cikin tukunyar, wanda zai daɗe yana zamewa yana ɗaukar zafi, da kuma ƙafar direba, wadda za ta ƙara nutsewa a kan totur ba tare da ya lura ba. Shirun da yake ji a kunne gaskiya ne, amma fetur ɗin yana ƙonewa, wani kaso nasa kuma yana tafiya wajen dafa man giya maimakon tura taya.

Tarihin ƙera motoci ma ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. A 1948 kamfanin Buick na Amurka ya fito da giyar Dynaflow, wadda a tafiyar yau da kullum ba ta amfani da ƙaramar giya, tukunyar man ce ke ɗaukar nauyin tashi duka. Ta shahara da laushi, ta kuma shahara da nawa da shan mai. Chevrolet ta bi sahu a 1950 da giyar Powerglide a kan tsari irin wannan, amma zuwa 1953 ta sauya ta, ta mayar da ita mai tashi da ƙaramar giya sa'an nan ta hau babba da kanta. Wannan ya faru ne a ƙasar da fetur yake da araha a wancan zamani, duk da haka masu ƙira suka ga hasarar ta yi yawa. Tun daga lokacin, tafiyar masana'antar duka ta karkata ga ƙara yawan giyoyi, daga biyu zuwa uku zuwa huɗu, har yau ana da masu takwas da tara da goma, da kuma gaggauta kulle tukunyar, duk domin a rage wannan zamewa. Mai barin W a kunne yana mayar da motarsa ne ga tsarin da masu ita suka gwada suka bari shekaru saba'in da suka wuce.

Sa'an nan a dubi irin tuƙin da mazaunin Abuja yake yi a zahiri. Mafi yawan ma'aikatan birnin ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba, suna fitowa ne daga Mararraba da Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Dutsen Alhaji. Wanda ya fito daga Nyanya da safe zai hau tudun Kugbo kafin ya kai mahaɗar AYA, cikin jerin motoci da ke matsawa taku kaɗan su tsaya, ga na'urar sanyaya mota a kunne, ga 'yan makaranta ko abokan aiki cike da kujeru. Kowace matsawa tashi ce sabuwa daga tsaye, a kan hawa, babu iskar gudu da za ta ratsa lagireto, shi kuwa man giya a yawancin motoci ta cikin wani bututu a lagireton yake bi ya huce. Babu yanayin da ya fi wannan buƙatar giyar farko, kuma a nan ne ake hana motar ita. Man giya idan ya sha zafi fiye da kima yakan yi duhu, ya yi ƙauri, ya rasa kaurinsa, robobin da ke tare shi su bushe, faiba, watau farantan kulocin da ke cikin giya, ta fara ƙonewa, sai ka ji ana cewa giya tana dukan mota, ko tana jinkirin shiga, ko ta daina ja. Motocinmu kuma galibi tsofaffi ne, sun ci dubban ɗaruruwan kilomita kafin su iso, da yawa ba a san ranar da aka canza musu man giya ba. Kamfanin Opel da kansa ya tsara motocinsa su kashe wannan maɓalli da kansu idan gudu ya kai wajen kilomita 80 a sa'a, ko idan man giya ya yi zafi ƙwarai, wannan kuwa shaida ce daga bakin mai ƙira cewa ya san abin da maɓallin ke jawowa.

Bayan hasarar dukiya akwai haɗarin rai, wanda ya fi ta girma. Titunan Abuja masu faɗi ne, masu gudu, kuma duk wanda ya taɓa fitowa daga ƙaramar hanya zai shiga babban titin Kubwa ko na filin jirgin sama ya san cewa tazarar da yake samu tsakanin mota da mota ta 'yan daƙiƙoƙi ce. A wannan lokaci yana buƙatar motarsa ta amsa nan take. Motar da aka umarta ta tashi da giya ta uku, ko aka dushe mata totur, za ta fito a sanyaye ta tsaya wa masu gudu a gaba, kafin kwamfutar ta gane cewa direba da gaske yake ta sauko masa da giya, abin da zai faru ya faru. Ran mutum da na iyalinsa da na sauran masu bin hanya amana ce a wuyan direba, kuma bai halatta ya sa ta a caca saboda ragin da bai ma tabbata ba.

Yanzu ga haƙƙin masu wancan ra'ayi. Gaskiya ne cewa tashi da giya ta biyu bai kai tashi da ta uku muni ba, kuma Mercedes da kanta daga baya ta sauya harafin W zuwa C, ta bar direba ya yi tafiyarsa ta kullum a haka idan yana son laushi, a motocin da injinsu ke da ƙarfin ɗaukar hakan. Wanda ke da irin wannan mota, lafiyayya, da man giya mai kyau, yana tafiya a miƙaƙƙen titi ba kaya, ba zan ce masa giyarsa za ta lalace gobe ba. Gaskiya ne kuma cewa saurin hawa giyoyin sama yana iya rage shan mai kaɗan a buɗaɗɗiyar hanya. Sai dai wannan ragi mai sauƙin ƙafa yana samun sa ba tare da maɓalli ba, domin kwamfutar giya tana karanta nauyin ƙafarka ne ta yanke lokacin canji. Haka nan sababbin giyoyin Mercedes masu hawa tara da kan tsallake ta farko ba hujja ba ne ga mai tsohuwar mota, domin ta farkonsu ta haura juyi 5, ta biyunsu ta haura 3, watau ta biyunsu ta kusa kai ta farkon tsofaffin. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki hukuncin mota ɗaya a shimfiɗa shi a kan kowace mota, mai Zafira da ke ɗauke da mutum bakwai ya yi koyi da mai babbar Mercedes, alhali abin da maɓallin ke yi a cikin motocin biyu ya sha bamban.

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida da ta dace da wannan wuri, cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, idan ta samu ya samu, idan ta gushe ya gushe. Taimama rangwame ce ta gaskiya, rahama ce ga wanda ya rasa ruwa ko yake tsoron cutarsa, amma wanda ya bugi ƙasa alhali ga buta cike a gabansa kuma lafiyarsa ƙalau, bai yi tsarki ba. Haka wannan maɓalli yake. Illarsa santsi ce, santsi kuwa muna da irin namu. Daga Afrilu zuwa Oktoba, idan damina ta sauka, unguwannin da kwalta ba ta kai gare su ba a Lugbe da Kuje da Bwari da Mpape da bayan Karu sukan koma jan taɓo mai sulɓi, inda mota kan tsaya tana wulwula taya tana haƙa wa kanta rami. Haka wanda ya je ƙauye ya shiga rairayin rafi, ko ya ajiye mota a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa wajen biki. A nan maɓallin yana da aiki na haƙiƙa, ka danna shi, ka taka totur a hankali, tayar ta sami abin kamawa, kana hawa ƙasa mai ƙarfi ka kashe shi. Mai Prado da ya san wannan ya fi wanda bai sani ba kwanciyar hankali a damina.

Ko a nan ma yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Aikinsa a wajen tashi yake, ba ya ƙara wa birki kamu, ba ya hana mota sulɓewa a kwana idan ana gudu cikin ruwan sama, ba ya mayar da suɗaɗɗiyar taya sabuwa. Ba shi da wani amfani ga wanda ya tunkari ambaliya a kan gada ko kwari, irin wadda aka sha gani a wajajen Lokogoma da Lugbe, domin ruwan da ya kai ya ɗauki mota ba ya tambayar giyar da take ciki. Wanda ya danna shi ya ɗauka ya sami kariya daga damina, har ya ƙara gudu saboda haka, ya fi wanda bai taɓa shi ba shiga haɗari.

Idan aka bi wannan al'amari zuwa tushensa, za a tarar matsalar ta wuce maɓalli ɗaya. Muna sayen na'urori masu tsada da sarƙaƙiya, waɗanda wasu mutane suka ƙera domin ƙasarsu da yanayinsu, amma ba mu karɓi ilimin da ke tare da su ba. Kowace mota tana fitowa da littafin da ke bayanin kowane maɓalli da kowace fitila, amma tokumbo, watau tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje, takan iso ko dai babu littafin, ko kuma yana cikin Jamusanci ko Faransanci ko harshen Holan, wanda ya zo da Turanci ma a aljihun gaban mota yake tsufa. Sai taƙlidi ya maye gurbin sani, wane ya ji daga wane, shi kuma daga yaron gareji. Daga wannan kafa ce sauran bidi'o'in suka shigo, irin su cire na'urar da ke daidaita zafin inji da sunan wai ta ƙasar sanyi ce, da ɗaure fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa, da zuba kowane jan mai a giya ba tare da duba irin wanda mai ƙira ya ambata ba. Abin mamaki, abin da ya kamata a bari ana cire shi da hujjar cewa na Turai ne, abin da aka yi musamman domin ƙanƙarar Turai kuma ana kunna shi a watan Maris.

Wanda yake neman ragin mai da gaske, ƙofofinsa a buɗe suke, kuma babu asiri a cikinsu. Ya duba iskar tayoyinsa a kai a kai, domin taya mai ƙarancin iska jan mota take yi baya. Ya canza matatar iska bayan ƙurar hunturu, ya kula da fulogi, ya kai motar a sa mata kwamfuta idan fitilar inji ta kama maimakon ya rufe ta da takarda. Ya sauke tarkacen da ke cikin but. Ya sassauta ƙafa, ya hango danja tun daga nesa ya saki totur, ya daina tsere daga wannan mahaɗa zuwa waccan. Ya fita da wuri kafin hanya ta cushe idan hali ya yi, maƙwabta da ke aiki a sakatariya ɗaya kuma su haɗu a mota ɗaya su yi karo-karon mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage sha ba tare da ya ci giya ba, kuma idan aka haɗa su, abin da za su tara a wata ya fi duk abin da ake zaton maɓallin zai kawo.

Saboda haka ina kira ga shugabannin bakanikai na Apo da Kugbo da Zuba, da ƙungiyarsu ta NATA, su ɗauki wayar da kan masu mota a matsayin wani ɓangare na sana'arsu, domin mai sana'a amintacce ne a kan abin da aka ba shi, kuma gaya wa mutum gaskiyar da za ta hana motarsa lalacewa sadaka ce ko da ta rage ciniki. Ina kira ga makarantun koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su lura cewa yawancin masu koyo a yau otomatik za su tuƙa, don haka a koya musu ma'anar abin da ke kewaye da libar giya kamar yadda ake koya musu alamun hanya. Dillalan motoci su riƙa neman littafin mota su miƙa wa mai saye tare da makulli, gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa kuma su ba masana wannan fanni fili, domin direbobinmu da yawa da Hausa suke fahimta.

Kai kuma mai karatu, idan ka shiga motarka gobe da safe, dubi gefen libar giya da allon da ke gabanka. Idan ka ga W ko alamar dusar ƙanƙara ko SNOW a kunne, alhali kana kan busasshiyar kwalta, kashe shi ka mayar da motar tsarinta na asali, ka nemi littafinta ko wani masani amintacce ya gaya maka abin da maɓallin yake yi a irin taka, ka kuma sa a duba launin man giyarka da ƙamshinsa idan ka daɗe kana tafiya da shi a kunne. Ka ajiye shi domin ranar da taɓon damina ya riƙe ka, ranar nan zai yi maka amfani. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a cikin abin da muke samu.